Lemun Da Ake Shukawa Domin Ganyensa

Mu a nan in aka ce lemo, ruwansa ake nufi: na zaƙi a sha, na tsami a matsa a shayi. Amma a ƙasashen Tailan da Malesiya da Indunusiya akwai wani irin lemo wanda ba a damu da ruwansa ba, ganyensa shi ne abin nema. Mutanen Tailan suna ce da shi makrut, 'yan Malesiya limau purut, masana tsirrai kuwa Citrus hystrix. Turawa sun daɗe suna kiransa da wata kalma mai kama da "kafiri", wadda ta zama zagi ga baƙar fata a Afirka ta Kudu, shi ya sa marubuta da yawa suka koma ga sunan makrut.

Itace ne mai ƙaya, wanda ganyensa ba ya ɓoyuwa, gama kowane ɗaya sai ka ce biyu ne aka haɗa, wani bisa wani. 'Ya'yansa kore ne masu ƙuraje, faɗinsu kamar inci 2, ruwansu kaɗan ne, ga ɗaci. Ganyen ake yayyagawa a jefa cikin romo, kamar romon jatan lande da ake kira tom yum, ko a cire jijiyar tsakiya a yanka shi siriri a barbaɗa a miya. Ɓawon kuma a daka shi da barkono da tafarnuwa. Ganye 3 ko 4 sun ishi tukunya, saboda haka itace guda ya wadatar da gida.

Na fara ɗanɗana shi sa'ad da aka aike mu kos Malesiya. Da na dawo na shuka iri 10 da na shanya a rana, ko ɗaya bai fito ba. Daga baya na gane laifina ne, don irin lemo ba ya son bushewa. Daga an cire shi cikin ɗa sai a wanke a shuka, zurfin rabin inci, cikin mako 2 zuwa 4 ya tsiro. Wanda ya sami lafiyayyen itace kusa da shi, hanya mafi sauri ita ce ya kankare ɓawon reshe kamar inci 1, ya naɗe wurin da jiƙaƙƙiyar dusar katako cikin leda. Bayan kamar wata 2 saiwa za ta fito, sa'an nan ya yanke ya dasa.

Ma'aikacin da ake yi wa canjin gari gara ya dasa shi a rabin duro mai huji a gindi, ya cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Yana son rana, amma ba ya son ruwa ya kwanta masa. Na biyu da na samu, ƙauna ce ta kashe shi: ni in ba shi ruwa da safe, yara su ƙara da yamma, har saiwa ta ruɓe. Ka tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi ka bar shi. Da hunturu a kāre shi daga iska. Tsutsar da ke cin ganye kuma a tsince ta da hannu, kada a fesa guba ga abin da zai shiga miya.

Saura jan kunne. Akwai wata cutar lemo da wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa, takan kuma bi dashe daga ƙasa zuwa ƙasa. Ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya, 'ya'ya su karkace su yi ɗaci, itace ya mutu a hankali, in ta kama kuwa ba warkewa. A 2005 aka gano ta a Fulorida ta Amurka, ta kuwa durƙusar da noman lemo a can. Saboda haka kada kowa ya ɓoyo reshe cikin akwati daga waje. Sha'awar mutum ɗaya tana iya jawo wa masu lambunan lemo na lardi duka hasara. A nemi shawarar malamin gona tukuna.

Malaman makaranta, ga darasi a lambunku: yara su shuka ɗanyen iri da busasshe, ko na lemun tsami ne, su ƙirga wanda ya fito. Abin da yaro ya gani da idonsa ya fi zama. Allah Ya sa albarka.