Amsoshin Takardunku: Ana Iya Kiwon Talibambam a Ɗaki?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Roni. Ya ce ya ga ana sayar da akwatin gilashi na kiwon kifin ado a Kano, kuma wani masunci ya yi masa alkawarin ɗan talibambam mai rai. Shin zai rayu a ɗaki? Kuma zai iya haɗa shi da 'yan karfasa?

To Alhaji, mun gode da takarda. Zai rayu, amma kafin ka biya kuɗin akwati ka fara sanin abin da ɗan kifin nan zai zama.

Talibambam namu ne na ruwan daɗi. Ana samunsa a Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, har Kogin Nilu, inda mutanen Masar ke kiransa fahaka. Da wannan suna masu kifin ado na Turai da Amurka suka san shi. Masana kuwa tun 1758 suka sa masa Tetraodon lineatus, wato mai haƙora huɗu, mai zane a jiki. Wanda za a kawo maka bai fi ɗan yatsa ba, amma yakan kai santimita 40 da ɗoriya, kusan kamu guda, ya kuma yi shekara 10 ko fiye idan ya sami kula. Babba yana son akwati mai tsawon ƙafa 5, faɗi ƙafa 2, zurfi ƙafa 2. Ruwan ciki ya haura lita 500, jarka 20 ke nan da wani abu, nauyinsa ya wuce rabin tan. Teburin falo ba zai ɗauka ba.

Batun karfasa kuma, a'a. Shi kaɗai ake ajiye shi. Haƙoran nan huɗu a haɗe suke kamar bakin aku, da su yake fasa dodon koɗi da ƙaguwa a kogi. Duk kifin da ka sa masa zai gutsure masa wutsiya, ko ya huda masa ciki, ko da ɗan'uwansa ne. Kai ma ka kiyaye yatsanka.

Haƙoran ba sa daina tsiro. Abinci mai ɓawo ne ke goge su. In ka ɗora shi a kan abinci mai laushi kaɗai, sai su yi tsawo har ya kasa buɗe baki, ya mutu da yunwa abinci na gabansa. Abincin tarwaɗa na buhu galibi ba ya ko kallonsa. Tana da jatan lande suna yi, amma dodon koɗi shi ne tilas. A nan akwai haɗari ga gidanka: wasu ƙananan dodon koɗi na kududdufi da bakin dam su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Kada ka aiki yara bakin dam ɗin Kazaure ko wani tafki su shiga ruwa suna tsinto maka. Ka nemi irin dodon koɗin da masu kifin ado ke kiwo, ka zuba a bokiti da ganye, za su yi ta haihuwa.

Sai ruwa. Talibambam ba shi da ɓawon jiki irin na karfasa, ga shi da ɓarnar abinci, saboda haka dattin ruwa na saurin kayar da shi. Dole a sa injin tace ruwa, a bar shi yana aiki mako 4 zuwa 6 ana ɗan jefa abincin kifi a ciki kafin kifin ya shiga, domin ƙwayoyin da ke cinye guban kashi su zauna. Bayan nan kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin uku, kamar jarka 7, a zuba sabo. Ruwan famfo mai kulorin a bar shi ya kwana biyu a buɗe. Kada a zuba gishiri, wannan na 'yan'uwansa ne na bakin teku. A shimfiɗa yashi mai laushi da aka wanke, don yana son binne kansa ya bar idanu a waje.

Zafin da ya fi so digiri 24 zuwa 28 ne. Ka san Afrilu a Babura da Gwiwa, iska takan haura 40. Ruwa in ya ɗumama iskar shaƙa ke raguwa a cikinsa, in kuma aka ɗauke wuta injin ya tsaya, dare ɗaya ya isa. Wanda ba shi da sola ko batir, mu dai a ganinmu gara ya haƙura. Da hunturu a rufe akwatin da bargo cikin dare.

Ranar zaɓe ka duba ciki a cike, ba a lotse ba, idanu garau suna bin hannunka, fata ba farin ɗigo, ba raunin ƙugiya a baki. Ka sa a jefa masa abinci a gabanka. Kuma kada ka yarda masunci ya sosa shi don ya kumbura ka gani. Kumburin nan tsoro ne. A ruwa, ruwa yake haɗiya ya amayar. A waje kuwa iska ce, wadda wani lokaci ta ƙi fita, ya yi ta yawo a saman ruwa har ya mutu. Da kwano ake ɗebo shi tare da ruwansa, ba da koma ba.

In ya mutu, a binne shi da zurfi inda kaji da kyanwa da yara ba za su kai ba. Dangin talibambam suna da dafi, musamman a hanta da ƙwai da fata, kuma dahuwa ba ta kashe shi. A Japan, inda ake cin na teku, sai mai dafa abincin da ya ci jarrabawa ya karɓi lasisi ake bari ya yanka wa mutane shi.