Katamaran: Ƙaramin Jirgi Mai Ganga Biyu Da Jarrabawar Teku

A tsakiyar shekarun 1950 wani matashi ɗan Ingila mai suna James Wharram ya haɗa wa kansa wani ɗan jirgin katako, tsawonsa mita bakwai da ɗoriya, ya raɗa masa suna Tangaroa. Kwale-kwale ne guda biyu da aka jera gefe da gefe, aka ɗaure su da gungume, aka shimfiɗa daɓe a tsakani, aka kafa sanda mai ɗauke da ƙyallen da iska ke turawa. Da shi ne ya ƙetare Tekun Atilantika zuwa tsibirin Tirinidad tare da wasu mata biyu Jamusawa. A 1959 kuma ya komo daga Amurka zuwa Birtaniya a wani babbansa mai suna Rongo. Tun daga lokacin ake gardama tsakanin matuƙa: shin irin wannan jirgi, musamman ƙaraminsa, abin da mutum zai damƙa wa ransa ne a tsakiyar teku?

Sunan katamaran ya fito ne daga harshen Tamil na kudancin Indiya, inda yake nufin itatuwan da aka ɗaure tare. Amma waɗanda suka ƙware a kan jirgi mai ganga biyu su ne mutanen tsibiran Tekun Fasifik, domin da shi kakanninsu suka kai Hawai da sauran tsibirai masu nisa, ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su leƙa yankin. A 1976 aka gwada gaskiyar wannan tarihi: jirgin Hokule'a, wanda aka ƙera bisa tsarin na dā, ya tashi daga Hawai ya isa Tahiti, tafiyar kilomita kusan 4,000, ba tare da na'urar nuna hanya ba. Jagoransa Mau Piailug taurari da igiyar ruwa yake karantawa.

Domin a fahimci gardamar, sai an san yadda kowane jirgi ke tsayawa a kan ruwa. Jirgi mai ganga ɗaya ana ɗaura masa nauyin ƙarfe ko dalma can ƙarƙashinsa. Idan iska ta danna ƙyallensa sai ya karkata, iskar ta zame ta wuce, nauyin nan kuma ya janyo shi ya miƙe. Ko da igiyar ruwa ta wuntsila shi, galibi yakan juyo da kansa. Katamaran ba shi da wannan nauyi. Faɗinsa ne ke riƙe da shi, kamar mutumin da ya ware ƙafafu don kada a ture shi.

Daga nan ne duk alherinsa ya fito. Rashin nauyi da sirantar gangunan suna ba shi gudu, musamman idan iska na bugowa daga gefe ko daga baya. Ba ya karkata sosai, don haka ana iya girki da barci cikin natsuwa, matuƙin da ya huta kuwa ya fi mai gajiya yanke shawara mai kyau. Ƙaraminsa ba ya shiga ruwa fiye da mita ɗaya, saboda haka yana iya fakewa a wuraren da manyan jirage ba sa kusanta, har ma a janyo shi bisa yashi.

Daga nan ne kuma aibinsa ya fito. Ƙarfin tsayuwarsa yana kai ƙololuwa ne daidai lokacin da gangar da ke ɓangaren iska ta fara barin ruwa. Daga wannan gaɓa ƙarfin sai raguwa, kuma idan ya kife ba ya tashi da kansa. Abin da ya ƙara muni shi ne ba ya gargaɗi. Mai ganga ɗaya yakan karkata ya sanar da matuƙinsa cewa ƙyalle ya yi yawa, shi kuwa wannan yana nan a miƙe har sai abu ya kusa ɓaci. Ga shi idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take danna ƙyalle da shi yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa ƙa'idar farko ga mai tuƙa katamaran ita ce ya rage ƙyalle tun kafin iska ta tsananta, ya yi la'akari da bugun da zai zo ba zato, kada ya tsaya ga wadda ke kaɗawa a lokacin.

Akwai wasu matsalolin. Ba ya iya fuskantar iska kamar takwaransa, kuma juya shi ta gaban iska sai gwani. Idan daɓen tsakiya ya yi kusa da ruwa, igiya takan riƙa dukansa daga ƙasa har ta gajiyar da jirgin da mutanensa. Idan ya yi gudu fiye da kima yana gangarowa daga kan babbar igiya, goshinsa na iya nutsewa ya wuntsila ta gaba. Ƙarami ya fi fuskantar duk waɗannan, domin igiyar da babba zai haye ita ce za ta iya juya shi. Ko Hokule'a, mai tsawon mita 19, ya kife a 1978 kusa da tsibirin Molokai bayan ruwa ya cika ganga ɗaya. An ceto mutanen da suka maƙale a jikinsa, amma Eddie Aikau, wanda ya tafi neman agaji a kan allon ninƙaya, ba a sake ganinsa ba.

Masu goyon bayan jirgin suna da amsa mai ƙarfi: kifewa daban, nutsewa daban. Jirgi mai dalma idan ya huje yakan tafi ƙasa cikin ɗan lokaci, wanda ba shi da ita kuwa yakan ci gaba da shawagi ko da a kife. A 1989 jirgin Rose-Noëlle, ɗan'uwan katamaran mai ganga uku, ya kife a gabashin Niyu Zilan, mutum huɗu suka rayu a cikinsa kwana 119 kafin ruwa ya kai su gaɓa. A shekarun 1990 kuma Rory McDougall ya zagaye duniya a katamaran mai mita shida da rabi kacal, ƙirar Wharram.

To, ina gaskiyar take? A ganina ƙaramin katamaran yana iya teku, amma bisa sharuɗɗan da ba ya yafe wa wanda ya karya su. Sai an ƙera shi da faɗi isasshe, da gajeriyar sanda, da ɗakunan da ruwa ba ya shiga. Sai matuƙi ya san kakar tafiya da ta zama. Babban sharaɗi kuwa shi ne kaya. Kowace jarkar ruwa da kowane buhun abinci da aka ƙara yana nutsar da gangunan, yana kusantar da daɓe ga igiya, yana cinye gudun da aka sayi jirgin dominsa. Tarayyar Turai ta raba ƙananan jirage rukuni huɗu, daga A zuwa D, gwargwadon iska da igiyar da za su iya jurewa, kuma ana liƙa wa kowanne alama mai nuna iyakar mutane da nauyin da zai ɗauka.

A nan ne batun ya shafe mu, duk da cewa ba ma tuƙi da ƙyalle a Kogin Neja. A watan Yunin 2023 fiye da mutum ɗari suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare a jirgin da ya cika maƙil. Dokar da ke riƙe jirgi a kan ruwa ɗaya ce a Fasifik da Yawuri. Idan masu ƙetare teku suna auna jarkar ruwa kafin su ɗora ta, bai kamata a bar jirgin fasinja ya tashi daga mashigarmu ba tare da an rubuta iyakarsa a jikinsa, an kuma ƙidaya masu shiga ba.