Yadda Ake Tsare Gangaren Hanya Kada Ya Zabtare

 

Yau za mu yi magana a kan ƙasar da ke ɗauke da hanyar mota. Kai da ke bin kwalta daga Maraɗi zuwa Tsibiri, ko zuwa Jiratawa da Ɗan Isa, ka taɓa duba gefen hanya? A wasu wurare hanyar tana bisa, gona tana ƙasa. Tsakaninsu akwai gangare. Wannan gangaren shi ke tallafe da kwalta. In ya zabtare, kwalta ta bi shi. Daga nan motar gero ba ta kai kasuwa, mai naƙuda ba ta kai asibiti.

A ƙasar Maraɗi ba mu da manyan duwatsu. Amma muna da tudu da fadama. Dattawa sun san labarin. Da can garin Maraɗi a cikin fadamar Gulbi yake. A shekarar 1945 ruwa ya ci garin, ya ci Tsibiri ma, mutane suka hau tudu. Tun daga nan gari yake ta faɗi, har aka yi sababbin unguwanni irin su Zariya. Inda dā gona ce mai shan ruwa, yanzu kwanon rufi ne da siminti. Ruwan sama bai samun wurin shiga. Sai ya bi titi, ya haɗu da ɗan'uwansa, su gangara wajen Gulbi da gudu, suna yankar gebe, wato kwazazzabo.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ɗauki kwalta mai faɗin mita 7, tsawon mita 100. In aka yi ruwa na milimita 30, ruwan da ya zuba a kanta lita 21,000 ne. Ya fi tano 100, irin mai cin lita 200. Duk wannan ruwan gefen hanya yake nufa.

To, yaya ƙasa ke zabtarewa? Ka gwada da kanka a tsakar gida. Tara rairayi mai ɗan danshi, ka yi tsibi. Zai tsaya. Yanzu zuba masa ruwa kaɗan-kaɗan daga bisa. Da farko zai sha. In ya ƙoshi, sai ka ga gefensa ya sulale. Ruwa ya ƙara masa nauyi, kuma ya shiga tsakanin ƙwayoyin rairayi, sun daina riƙe juna. Haka gangare yake. Wani wuri kuma akwai laka a ƙarƙashin rairayi. Ruwa ya nutsa, ya tarad da laka, ya kasa wucewa. Sai ya kwanta a kanta, ta yi santsi kamar miyar kuɓewa. Ƙasar bisa ta zame a kan ta ƙasa.

Akwai kuma cin gindi. Kowane magini ya san katangar ƙasa daga gindi take faɗuwa a watan Agusta. Gangare ma haka ne. Ruwan gebe yana ci masa gindi. Wani lokaci mu ne da hannunmu: mai amalanke ya zo ɗibar yashi, ya ga na gindin hanya ya fi kusa.

Saboda haka masu aikin hanya ba su farawa da gini. Da ruwa suke farawa.

Sai su tare shi tun daga bisa. Su yi lambatu a gefen kwalta, su ɗaɓe shi da siminti ko duwatsu, ya kai ruwa wuri guda. Daga nan ya sauka ta magudana mai matakala, don ƙarfinsa ya karye. Inda ruwa zai ratsa ƙarƙashin hanya, su sa kwalbati. A bakin fitarsa su shimfiɗa duwatsu, kada ruwa ya gina rami inda yake faɗowa. Wanda ya riga ya shiga cikin gangare kuwa, ana fid da shi. Ana gina rami dogo, a cika shi da tsakuwa, ko a tura bututu mai huji-huji cikin ƙasa. Bayan ruwa ya ɗauke za ka ga bututun yana ɗiga. Wannan ɗigar alama ce yana aiki.

Sa'an nan su koma gindi, su ba shi nauyi. A nan ake sa ragar waya cike da duwatsu. Kamar akwati take, galibi tsawonta mita 2, faɗi mita 1, tsayi mita 1. Ana jera su, ana ɗaure su da juna, sahu na bisa yana ɗan ja da baya. Za ka ce me ya sa ba a yi katangar siminti ba? Katangar da ba ta da kafar fitar ruwa tana tare shi a bayanta, ran da ya fi ƙarfinta ya kayar da ita. Raga kuwa tana barin ruwa ya wuce, ta riƙe ƙasa. In ƙasa ta ɗan lotsa, raga ta tanƙware, ba ta tsagewa. A Keita, cikin jihar Tawa, an yi babban aiki irin wannan tun daga 1984, aka tare gebe da yawa. Mata ne suka fi yawa a cikin masu aikin. Wahalarmu a nan ita ce dutse. Ƙasarmu rairayi ce, sai an yi jigilarsa daga nesa, shi ya sa aikin ke da tsada.

In gangare ya cika tsaye, ana kwantar da shi. Kowane mita 1 na tsayi a ba shi wajen mita 2 na faɗi. Bayan haka a dasa jema ko gamba sahu-sahu, a gicciye, ba bisa-ƙasa ba. Saiwarsu tana ɗinke ƙasa. Sabara da kalgo da suka tsiro a wurin a bar su. Amma kada a ruɗe ka: ciyawa fatar ƙasa take riƙewa. In zamewar tana da zurfi, ita kaɗai ba ta isa ba.

Ga abin da ke wuyanka. Kada ka zuba shara a lambatu ko a bakin kwalbati. Wasu suna cika gebe da shara, wai tana tare shi. Ba ta tarewa. Ruwan farko zai kwashe ta, ya toshe kwalbati da ita, ya hau bisa hanya. Buhunan yashi suna taimako na damina guda, rana na cinye su. Kada ka yi noma har bakin gangare, kada ka turke dabbobi a kansa.

Ka riƙa dubawa bayan kowane babban ruwa. In ka ga tsaga mai bin tsawon kwalta a gefenta, ko turken lantarki ya karkata, ko gindin gangare ya kumbura, ko ruwa mai laka yana tsattsafowa daga cikinsa, ƙasa ta fara motsi. Kafa sanda 2, ɗaya a kowane gefen tsagar, ka auna tsakaninsu da igiya, ka rubuta rana. Ai yanzu ka iya rubutu. Gobe ka sake aunawa. In tsakani ya ƙaru, hana yara wasa a ƙarƙashin wurin, ka kai wa mai unguwa ko mai gari takardarka a ranar, shi kuma ya sanad da magajin gari da ma'aikatan hanya.