Koriya ta Arewa da Wahalar Sulhu da Mai Makami

A watan Fabrairun 2013 aka kashe likitoci uku 'yan Koriya ta Arewa a Potiskum. Sai a lokacin ne da yawanmu suka san cewa ƙasar da ake cewa ta kulle ƙofarta tana da ma'aikata a asibitocinmu. Alhali hulɗar ta daɗe, tun 1976 muka ƙulla zumuncin jakadanci da ita. A Janairun 2004 ma wani jigonta, Yang Hyong Sop, ya gana da Atiku Abubakar a Abuja, batun makamai masu linzami ya taso, Amurka ta nuna ɓacin ranta, zancen ya sha ruwa.

Me ke sa a zauna da irin wannan ƙasa? Mutumin Batsari ko Safana ba ya buƙatar dogon bayani. A 2019 Gwamna Masari na Katsina ya zauna da shugabannin 'yan bindigar dajin Rugu, aka sako wasu da aka sace, manoma suka ɗan leƙa gonakinsu. Zuwa tsakiyar 2020 shi da bakinsa ya ce an ci amana. A ganina sulhun ya tashi da rauni tun ranar farko, domin ba wanda zai iya shiga daji ya ƙirga bindigogin da suka rage.

Nan Amurka ma take tuntuɓe. A 1994 aka amince Koriya ta Arewa ta dakatar da tashar nukiliyarta ta Yongbyon, a riƙa ba ta mai. A ƙarshen 2002 yarjejeniyar ta wargaje, aka kori masu sa ido. A 2006 ta gwada bam ɗin farko, zuwa 2017 ta gwada shida. Trump da shugabanta Kim Jong Un sun yi musabaha a Singafo a 2018, amma a Hanoi a 2019 aka tashi baram-baram: Kim ya ce a sassauta takunkumi ya rufe Yongbyon, Trump ya ce sauran wuraren fa?

Shi kuwa Kim yana da nasa lissafin. Gaddafi ya miƙa shirinsa na nukiliya a 2003, aka kashe shi a 2011, kuma Koriya ta Arewa ba ta gajiya da tuna wa duniya hakan. Tun da aka sake korar masu sa ido a 2009, ba su sake taka Yongbyon ba. A 2024 ma Kim ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da Rasha, har ya tura mata sojoji.