Jita a Lasifikar Biki: Kunne Ne Ke Saiti, Ba Tsadar Kaya Ba

A Gaya da Ajingi, kamar sauran garuruwan gabashin Kano, ba a rasa mai ba da hayar kayan sauti: lasifika biyu bisa sanda, mikisa, makirfo da janareta, waɗanda ake ɗauka don biki ko suna ko taron siyasa. Matashin da ya samu jita mai aiki da lantarki ya jona ta kai tsaye a waɗannan kaya yakan ji sauti siriri, busasshe, mai tsinin da ke soke kunne, sai ya ɗora laifin a kan jitar ko a kan lasifikar. Alhali duka biyun lafiyarsu ƙalau. Abin da ya rasa wani mataki ne a tsakaninsu, wanda a da sai mai hali ke mallakarsa, yau kuwa an cusa shi cikin ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa. Ra'ayina shi ne wannan akwati, haɗe da lasifikar da muke da ita tun tuni, ya fi dacewa da makaɗin ƙasarmu a kan sayen amfilifayar jita mai tsada, amma da sharaɗi guda: a saita shi da kunne, a wurin da za a yi kiɗan, da ƙarar da za a yi shi.

Dalilin wannan sharaɗi yana cikin yadda sautin jita ke samuwa. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da amo. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, amma gwangwanin da aka rufe da fata shi ya ba shi muryar da kowa ke ganewa. A wajen jitar lantarki, amfilifaya da lasifikarta ne ke yin aikin gwangwani da fatar. Sauti karkarwar iska ce, ana auna yawanta a daƙiƙa da ma'aunin hez, kuma kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen hez 20 zuwa 20,000. Tsirkiyar jita mafi kauri tana karkarwa a hez 82. Lasifikar da ake ƙerawa musamman don jita, wadda galibi faɗinta inci 12 ne, ba ta fitar da duk abin da aka ba ta: daga wajen hez 5,000 zuwa sama takan danne sautin ƙwarai. Wannan gazawa ita ce sirrin daɗinta, domin tana tace kaushin da amfilifaya ke haifarwa idan an matsa mata. Lasifikar biki kuwa an yi ta ne ta faɗi gaskiya: tana da babban baki don kauri da ƙaramin ƙaho don siririn sauti, kuma duk abin da aka zuba mata, mai daɗi da marar daɗi, haka za ta amayo shi.

Na'urar kwaikwayon amfilifaya ta zo ne don cike wannan giɓi. Kwamfuta ce ƙarama da ke lissafa yadda amfilifaya irin ta Fender ko Marshall ko Vox za ta sarrafa sautin da ya shige ta, sannan ta ƙara lissafin akwatin lasifikar jita da makirfon da aka kafa a gabansa. Kamfanin Line 6 na Amurka ya yaɗa wannan fasaha da na'urarsa POD a 1998, Fractal Audio ya fito da Axe-Fx a 2006, Kemper na Jamus ya biyo baya a 2011 da na'urar da ke sauraren amfilifaya ta gaske ta kwafe halinta. Yau akwai masu sauƙin kuɗi daga Zoom da Mooer da NUX, akwai kuma manhajojin da ake sa wa a kwamfuta ko waya. Abin lura shi ne, abin da ke fitowa daga na'urar ba sautin amfilifaya ba ne kamar kana tsaye a gabanta. Sautinta ne kamar yadda makirfo ya ɗauke shi a situdiyo. Ke nan an riga an gama dafa shi, aikin lasifika kawai ta kai shi kunnen jama'a ba ƙari ba ragi.

Daga nan ƙa'idojin saitin ke fitowa, kuma ba su da yawa. Na farko, idan lasifikar biki za a jona, dole a bar sashen kwaikwayon akwatin lasifika a kunne. Wanda ya kashe shi zai ji ƙara kamar ta ƙudan zuma. Idan kuwa amfilifayar jita ta gaske za a jona, a kashe shi, in ba haka ba an tace sautin sau biyu, ya fito a toshe. Na biyu, a yanke gefe biyu: a zubar da abin da ke ƙasa da wajen hez 80 zuwa 100, domin gurnani ne kawai da ke cin ƙarfin lasifika, a kuma rage abin da ke sama da wajen hez 6,000 zuwa 8,000, inda tsinin yake. Na uku, a jona na'urar a ramin mikisa da aka tanada don kayan kiɗa, a fara da maɓallan bes da tirebul a tsakiya, a kuma lura kada jar fitila ta riƙa kamawa, don ɓacin sautin da ke faruwa a mikisa babu saitin da ke gyara shi. Na huɗu, a rage kaushi da amsa-kuwwa fiye da yadda rai ke so, saboda abin da ya yi armashi a ɗaki yakan zama hayaniya a fili.

Maganar ɗaki da fili ita ce ginshiƙin lamarin. Tun 1933 masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunnen mutum ba ya jin kowane sauti daidai wa daida, kuma yadda yake ji yana canzawa da ƙarfin ƙarar. Idan sauti ya yi ƙasa, kauri da siriri sukan ɓace wa kunne, sai mai saiti ya yi ta ƙara su. Ranar biki da aka buɗe wa lasifika wuta, sai su dawo da ƙarfinsu, kauri ya yi ambaliya, siriri ya zama allura, tsakiyar sautin da ke ɗauke da waƙar jita kuma ta nutse. Wuri ma yana da nasa hukunci. Lasifikar da aka ajiye a ƙasa ko a kusurwar zaure tana ƙara kauri, wadda aka ɗaga bisa sanda a ƙofar gida, inda babu bango, tana rage shi, ƙahon kuma yana harba siririn sauti ne kai tsaye ga wanda ke gabansa. Saboda haka saitin da wani ya shirya a Landan aka sauko da shi daga intanet ba zai san filin Ajingi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: a gwada kaya tun kafin taro, wani ya kaɗa, mai saiti ya taka zuwa inda jama'a za su zauna ya saurara.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Wasu na cewa amfilifaya mai bawul, irin kwalaben da ke cikin tsohuwar rediyo, tana amsa yatsa da wata rayuwa da lissafi bai kai ba. Ga makaɗin da ke tsaye gabanta akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai a babban taro ko'ina a duniya, abin da jama'a ke ji shi ne makirfo a gaban amfilifaya yana zuba wa manyan lasifikoki, wato daidai abin da na'urar ke kwaikwaya. Ga kuma lissafin aljihu: amfilifaya mai bawul irin Fender Twin Reverb ta kusa kilo 30, bawul yana ƙonewa, sai an yi odarsa, kuma ba ya son wutar janareta mai hawa da sauka. Ƙaramin akwati kuwa ana sa shi a jaka a hau babur, sitabilaiza ƙarama ta ishe shi kariya. Wasu kuma na cewa lasifikokin da ake saye a kasuwar Sabon Gari ba sa fitar da sauti daidai kamar na situdiyo, an ƙara musu bes don rawa. Haka ne, amma wannan hujja ce ta saiti da kunne, ba ta barin hanyar ba. Dabarar ita ce a fara kunna waƙar da aka sani sarai a lasifikar, a gane inda take ƙari, a gyara a mikisa, sannan a taɓa jita.

Suka ta uku ta fi zurfi: wai jita ba tamu ba ce, kiɗan Hausa na zamani piyano ne da kwamfuta. Makwabtanmu na Nijar sun riga sun ba da amsa. Bombino na Agadas da Mdou Moctar sun ɗauki jita sun sa ta yi magana da harshen Sahara har duniya ta saurara, kuma kundin Mdou na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin gyaran murya na waƙoƙin finafinan Hausa, ya kuma bazu ne ta wayoyin hannu. Darasin shi ne a nemi sautin da ya dace da kiɗanmu. Inda akwai kalangu da murya, su ne ke da tsakiyar fili, don haka jita mai tsabta, mai ɗan kaushi kaɗan, wadda kowane bugu ke fita sarai, ta fi dacewa da mai gurnanin kiɗan Turawa. Ƙa'idar yanke gefe biyu ma tana amfani ga garaya da gurmi, irin wanda Haruna Uji na Haɗeja ya shahara da shi, idan an sa musu makirfo.

Abin da ya rage mana ba kaya ba ne, sani ne. Mai hayar lasifika a Gaya da ya fahimci dalilin yanke hez 80, ya kuma san ya taka zuwa bayan taro ya saurara, ya ƙara wa sana'arsa daraja ba tare da ya sayi ko waya ɗaya ba, kuma shi makaɗa za su riƙa nema.