Yanar ido a lokacin annoba: abin da korona ta koya mana a Tasawa da Mayahi

A ƙauyukanmu na Tasawa da Mayahi, kowa ya san wani tsoho da yaro ke ja da sanda. Galibi yanar ido ce ta rufe masa gani. Cikin ido akwai wani ɗan ƙwaya garau da haske ke ratsawa. Idan shekaru suka ja, sai ya yi fari kamar nono. Babu ganye ko maganin ɗigawa da ke wanke shi. Aiki kawai ake yi: likita ya kashe zafin idon da allura, ya cire ƙwayan da ya lalace, ya sa na roba. Aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma washegari ake buɗe idon.

Mutanenmu sun saba jiran likitocin ido masu zagayawa, ko su tafi Maraɗi, wasu har asibitin ido na ECWA da ke Kano. Sai korona ta zo. Ranar 19 ga Maris 2020 aka sami mutum na farko da ya kamu a Yamai. Gwamnati ta rufe iyakoki, ta hana taron da ya wuce mutum 50. To, aikin ido na kyauta taro ne na ɗaruruwan tsofaffi, kuma tsofaffi da masu ciwon suga su ne korona ta fi yi wa illa. Dole aka dakata. Hanyar Kano ma ta toshe.

An ce aikin yana ba na gaggawa ba ne. Gaskiya ne, amma da iyaka. Yanar da ta daɗe takan yi tauri, aikinta ya ƙara wuya. Wani lokaci takan kumbura, ido ya yi ja, ya yi ciwo mai tsanani har da amai. Wannan kam ba ya jira ko kwana ɗaya, domin jijiyar gani na iya mutuwa. Ga kuma asarar gida: damina ta faɗi, mai gona bai ga shuka ba balle noma, an cire jika daga makaranta ya zama ɗan jagora.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne masu aikin ido na gargajiya. Idan asibiti ya yi nisa, kasuwarsu ke buɗewa. Da tsinke suke tura yanar cikin ido. Mutum ya ga haske kwana kaɗan, daga baya idon yakan lalace, likita ma ya kasa gyarawa.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa. Amma wata annobar na iya zuwa. Idan ta zo, kada mu zauna gida shiru. Mu je gidan likita mafi kusa, a rubuta sunan tsohonmu, mu tambayi ranar da za a koma aiki. Wanda aka riga aka yi wa aiki ya ci gaba da ɗiga maganinsa, bayan ya wanke hannu da sabulu. Ya nisanci hayaƙin murhu da ƙurar sussuka da shiƙa. Idan idon ya yi ja, ko gani ya ragu, a kai shi asibiti ranar nan, ko da an taƙaita tafiye-tafiye.