Kifin ƙanƙara: daga ina shinshar yake zo mana?

Jama'ar Karakara da ƴan uwa mazauna waje, yau za mu yi magana kan kifin nan da muke saye a kwali, wanda ake ce wa shinshar, ƴan Najeriya kuma su ce kote. Mun saba da tarwaɗa da karfasa na kogin Kwara da masuntan Gaya ke kamawa. Shi wannan kifin ruwan gishiri ne, ko kwana ɗaya ba zai yi a gulbi ba.

Gane shi ba wuya. Yana da manyan idanu, bayansa shuɗi-shuɗi, cikinsa fari kamar azurfa, wutsiyarsa a rabe biyu. A gefen jikinsa akwai layin ɓawo mai tauri har zuwa wutsiya, wanda ke sukar yatsa in ana gyara shi. Wanda ke iso mu yakan kai santimita 20 zuwa 35.

A teku ba ya tafiya shi kaɗai, garke-garke yake yi, dubbai wuri guda. Da rana ya sauka ƙasa, da dare ya taso yana cin ƙananan jatan lande da ƴaƴan kifi. Ya fi yawa a gaɓar Muritaniya wajen Nuwadibu, da kuma Namibiya, inda iska ke kore ruwan sama, ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ɗauke da abinci. Wannan taruwa tasa ce ke sa manyan jirage su kwashe shi da yawa a jefa taru ɗaya, shi ya sa yake da sauƙin kuɗi.

To amma fa, tafiyarsa doguwa ce. Daga tashar Kwatano zuwa Gaya kaɗai ya haura kilomita 700, kuma ana son ya zauna cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. In wuta ta ɗauke ya narke, aka sake daskarar da shi, yana iya ɓata ciki, musamman na yara.

Don haka mu duba kafin mu biya. In naman ya yi laushi, yatsa na shiga, ko ciki ya fashe, ko yana wari, mu bar shi. Wanda muka saya kuma, mu dafa ko mu soya shi ranar, kada ya kwana.

Allah ya ba mu lafiya.